Gashin da na guje wa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa na Salaga. Kun san ni, ni ne ɗan Bawku mai tsire a bakin tasha.

Bara fitsari ya fara yi mini gardama. Na ɓoye, har matata Hanatu ta gaji, ta kai ni Yendi wurin 'yarmu Rahila, wadda take aikin nas. Aka yi gwaji, aka tura mu babban asibiti a kudu. Likita ya ce cutar kansa ce a ƙarƙashin mafitsara, kuma in an bar ta za ta bazu. Ya ce suna binciken wata sabuwar hanyar magani, in na yarda za a yi mini. Mai fassara ya juyo ya ce, "Baba, za a yi maka gashi."

Gashi! Ni da na tsufa a gaban wuta, na san yadda nama yake komawa. Na ɗauki hulata na yi waje.

Wata biyu ina gida ina ramewa, ina faɗa da kowa. Tsoro ne kawai, wallahi ba jarumta ba.

Wata Lahadi Hanatu ta durƙusa a tsakar gida ta ce, "Ubangiji, mutumin nan taurin kai zai kashe shi. Ni na kasa, kai ka yi magana da shi!" Sai na durƙusa kusa da ita na yi kuka.

Ranar Rahila ta kira. "Baba, ba gawayi ba ne! Haske ne. Kullum mashin zai ɗauki foto tukuna, ya ga inda ciwon yake, sannan ya harba nan kaɗai."

Na koma. Ko ɗumi ban ji ba! Wahalar ɗaya ce: a sha ruwa, a riƙe fitsari, a kwanta ba motsi. A nan na koyi addu'a ta gaske.

Gwajin da aka yi daga baya ya fito da kyau. Za a ci gaba da duba ni, amma ina barci, ina cin tuwo. Na gode wa Yesu!

Ku maza da kuke zama kusa da ƙofar coci, na san ba iska kuke sha ba, fitsari ne yake fitar da ku. Ku dogara ga Allah, ku je a duba ku. In kunya ce, ku zo, ni zan raka ku.