Inna Ta Faɗi, Ba Ta Kira Ni Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Buba ne daga Yalwawa, Dutse.

Mun sa wa mahaifiyarmu Inna tayil a banɗaki don ta ji daɗi. Ranar Juma'a da hantsi ta shiga da butarta, santsi ya kwashe ta, ƙugunta ya karye. Ina zaune a tsakar gida, amma ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunya ta sa ta kwanta shiru cikin ruwa har ƙanwata ta dawo daga kasuwa.

Yanzu mun kafa ƙarfen dafawa, amma Inna ba ta sake takawa ba. Jama'a, ku taya mu da addu'a, ku gyara banɗakin tsofaffinku tun suna shiga da ƙafarsu.