Balaraben Fagge

Direbobi 'yan'uwansa sukan ce bakin Mahamane ya fi motarsa gudu. Yana zaune a ɗakin jiran wani asibiti a garin Clinton, can ƙasar waje, sai wani ƙaton Balarabe ya zauna kusa da shi, har kujera ta yi ƙara.

Mahamane ya ce da Hausa, a zatonsa ba mai ji, "Larabawa ke nan! Kullen korona ya wuce, tumbi ya ƙi wucewa. Shisha da safe, shinkafa da rago da rana."

"Ka manta da burodi," in ji Balaraben.

Mahamane ya daskare. "Kana jin Hausa?"

"A Fagge aka yanke min cibiya, Malam. Kai kuma rigarka sai warin taba."

"Amma dai ban yi ƙiba ba."

"Ni ma da siriri ne, shekara talatin ina busawa. Da korona ta cinye huhun ƙanena, ta waya muka yi sallama. Ranar na jefar da kwalin taba, na koma wa kwano. Tumbin nan da kake gani, tabar da ban sha ba ce."

Mahamane ya dafe kwalin da ke aljihunsa.

"Pardon, Alhaji. Don Allah ka yafe mini."