Kifin da Na Rataya a Ƙofar Sverre

Shugabar wannan taro Uwargida Magnhild, mai girma fastonmu, malamar makarantarmu ɗaya tilo, 'yan'uwana masunta, da masu fita teku da waɗanda ciwon baya ya zaunar, iyaye mata da suka cika teburin nan da waina da kofi, sai kuma baƙinmu Sverre da matarsa Tuva da suka zauna dab da ƙofa kamar masu shirin gudu, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni wannan dama. Kun san ni, Eilif ba mai magana ba ne. Marigayiya matata takan ce ta fi jin muryar injin kwalekwalena a kan tawa.

Magana ta farko ita ce kifi. Tun zamanin kakanni, a tsibirin nan in mutum ya dawo daga teku da sa'a, sai ya rataya wa maƙwabcinsa kifi a mariƙin ƙofa ya yi gaba, ba sallama, ba jiran godiya. To da Sverre ya taso daga birnin Oslo ya sayi gidan da ke jikin nawa, na ga mutum ya wuni gaban kwamfuta ba ya fita teku, sai tausayinsa ya kama ni. Na rataya masa ɗaya. Washegari na gan shi a kwandon shara, na ce ƙila ya yi masa ƙanƙanta, na kai babba. A mako na uku na kai wanda ya kai tsawon ƙafata, da kansa da idanunsa a buɗe. Ashe bawan Allah ya ɗauka gargaɗi ake masa ya bar gari! Ya ƙara wa ƙofarsa kwaɗo biyu, ya kafa kyamara, ya kira ɗan sanda. Ɗan sandan ya yi awa biyu a jirgin ruwa kafin ya iso, ya kalli hoton kyamarar, ya ce, "Haba malam, ai Eilif ne! Shekara shida ina zagaya tsibirin nan, ko wutsiya tsohon nan bai taɓa ba ni ba. In ba ka so, miƙo."

Magana ta biyu, ku rage dariyar, domin namu ma sun sha. 'Yata Ingunn da ke Oslo ta rataya wa maƙwabciyarta kifi a hawa na bakwai, sai da mazauna benen suka yi taro a kanta. Ta bugo mini waya tana cewa, "Baba, mutanen nan lafiyarsu kuwa?" Namu sun tafi birni ba a gane su ba, na birni sun zo mana ba mu gane su ba.

Magana ta uku ita ce mai nauyi. Jiya na ga allon sayar da gida a ƙofar Sverre. Yara goma sha ɗaya ne a makarantarmu, uku nasa ne, hukuma kuma ta ce in suka gaza goma za a rufe. In aka rufe, ɗana Tormod zai kwashe jikokina ya koma birni, ya riga ya faɗa mini. Tsoro nake ji, jama'a, kuma shekara sittin teku bai taɓa sa ni furta haka ba.

Sverre, laifin nawa ne. Wata uku muna katanga ɗaya ban ce maka ko ina kwana ba, domin a nan muna ganin magana ɓata lokaci ne. To yau ga bakina na buɗe a gaban kowa. Barka da zuwa. Muna son ku. Ka cire allon nan, maƙwabci, don Allah kada ka tafi mini da jikokina.

Allah ya kwantar mana da teku, ya cika makarantarmu da hayaniya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Na gode.