Jakunkunan da Laminu Ya Ce Shirme Ne

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Isuhu baduku, daga Birni a nan Damagaram.

Bara na gaji da zanen da muka gada, sai na ɗinka jakunkuna uku yadda raina ya so: jar fata haɗe da tsohuwar robar taya, zanen a karkace. Na nuna wa aminina Laminu, wanda muka koyi dukanci kan tabarma ɗaya. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Isuhu, wannan ai shirme ne. Kawo in ɓoye maka kafin dattawa su gani." Kunya ta kama ni, na ba shi.

Makon jiya ƙanena, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ya nuna mini hoto a salula. Ga jakunkunana a wurin baje koli a Yamai, ga Laminu yana murmushi, an rubuta sunansa da wata kalma, wai "abangardi". Ƙanena ya ce haka ake kiran aikin da ya karya al'ada, ya riga zamaninsa.

Ashe a hannuna shirme ne, a hannunsa abangardi! Mu dukawa ba ma sa suna a jikin aiki, kuma Laminu ya san haka sarai.

Masu sauraro, in kai shi gaban sarkin dukawa, ko in bar shi da Allah? Kai kuma Laminu, na san rediyonka a kunne yake. Ɗinka ta huɗu mu gani.