Ciwon Yana Cikin Aljihu

A gareji, mutum biyu suna jiran makaniki. Ɗaya sai kai-kawo yake.

"Bawan Allah, zauna mana. A-kori-kurar can taka ce?"

"Tawa ce. A hanya baƙin hayaƙi take yi, ta ƙi ja. Da mun zo nan sai ta warke."

"Ka saka mata wani abu?"

"Wata 'yar na'ura ce mai ƙara wa injin dizal ƙarfi. Amma cire ta nake kafin in shigo."

"Ikon Allah! Don me?"

"Makanikin nan surukina ne. Ya hana ni saka ta."

"Tana ina yanzu?"

"Aljihuna. Rufa min asiri."

"Tun safe nake jira ya gama da kai, ga kayan mutane a motata! Baba, bar injin nan, zo ka duba aljihun surukinka!"