Jan Fenti

A bencin jiran jirgin ruwa a tsibirin Male, wata dattijuwa ta dubi akwatin da mutumin kusa da ita ya rungume.

"Ɗana, me ke ciki kake riƙo kamar jariri?"

"Batura ne, Inna, na injin da ke jan masu nutso a ƙarƙashin teku. Ni nake gwada wa otal. In ɗaure injin a tankin ruwa, in kunna, in ga yaushe zai mutu."

"Waɗanda suka gaza fa? Zubarwa kuke yi?"

"Kin san tsadarsu kuwa? Jan fenti nake ɗiga musu. Masu kyau na baƙi, masu fenti na yaranmu da ke musu jagora."

"Su yaran ba rai gare su ba?"

"Haba Inna, 'ya'yan teku ne. In batir ya mutu sai su yi iyo su dawo. Baƙo kuwa in ya salwanta, rufe otal za a yi."

"Tankin naka yana da igiyar ruwa mai jan mutum?"

"A'a."

Ta gyara mayafinta.

"Bara aka tsinci injin ɗana Iyaz, mai yi wa baƙin otal jagora, shi ba a gan shi ba. Na ga jan ɗigo a batirin, har na ce yaron nan da son ado."