Shiƙar da Rana ke wa Wata

A tashar Ƙanƙara ne, ran kasuwa, ana jiran motar Funtuwa ta cika. Dada, wata tsohuwa 'yar garin Ƙetare, ta leƙa jaridar wani saurayin malamin makaranta da ya riga ta zama.

"Ɗan nan, mi ka gani kake ta murmushi?"

"Labarin wata ne, Iya. Wai rana na huro wata irin iska, ita ke kwashe 'yar iskar da ke lulluɓe da wata."

"Shiƙa ke nan? Ƙaiƙayi ya tashi, tsaba ta zauna?"

"Kamar kin je can! Shi wata ba shi da nauyin da zai riƙe tasa, sai duwatsu aka bar mashi."

Dada ta kwashe da dariya. "Ashe Ƙetare ce a sama! Tun da arzikin man fetur ɗin nan ya zo samarinmu suka bi iska. Bana ni da jakina muka kwaso gero. Kai ina za ka da wannan uban akwati?"

Ya sosa ƙeya. "Ikko, Iya. Aiki na samu."

"Allah shi kiyaye hanya, ƙaiƙayi. Gusa mani, tsaba za ta zauna."